Darasi na 7: Lafiyar Baki da Haƙora, da Gane Ciwon Noma da Wuri

MANUFOFIN DARASI

Idan aka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin sassan haƙori da aikin kowanne;
2. bayyana abin da ke kawo kogon haƙori da ciwon dasashi;
3. gane alamomin farko na ciwon noma a bakin yaro, da sanin inda za a kai shi;
4. nuna yadda ake goge baki da asuwaki ko da buroshi;
5. bambanta maganin da ke taimako da wanda ke ƙara ɓarna.

GABATARWA

A Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Gobir, ba kasafai mutum ke zuwa asibiti saboda haƙori ba sai ciwo ya hana shi runtsawa, ko kunci ya kumbura. Akwai dalili. Likitocin haƙori kaɗan ne, mafi yawansu kuma suna birnin Sakkwato. Hanya da nisa, kuɗin mota da tsada, ga halin rashin tsaro da ya sa tafiya ta zama abin shawara. Saboda haka wannan darasi zai fi tsayawa a kan abu biyu: abin da kowa zai iya yi a gidansa, da alamomin da idan aka gan su ba a jira gobe.

Matsalar ba ta yankinmu kaɗai ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, an ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 na fama da wani ciwo na baki ko na haƙori, wato kusan rabin mutanen duniya. Amma akwai ciwo guda da ya fi addabar yankuna irin namu, wato noma, kuma shi za mu fi daɗewa a kai.

1. HAƘORI DA SASSANSA

Sau biyu mutum ke yin haƙora a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran yarinta, guda 20. Suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Wajen shekara 6 yaro ke fara famfara, haƙoran girma su riƙa maye gurbinsu har su kai 32. Turame huɗu na can ƙurya su ne na ƙarshe, yawanci tsakanin shekara 17 da 25 suke fitowa. Haƙoran gaba na yanka abinci, fiƙoƙi na yaga, turame na niƙa.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Wajen shekara 6, wani turmi na fitowa a bayan haƙoran yarinta ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na girma ne, idan ya lalace babu wani da zai fito a madadinsa.

AKWATI NA 1
Farin ɓawo: rufin waje na haƙori. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, amma idan ya fashe ba ya tohowa.
Ɓargon haƙori: ɓangare mai taushi da ke tsakiya, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke.
Saiwa: gindin haƙori da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi.
Dasashi: naman da ya rufe ƙashin ya kewaye wuyan haƙori.

2. KOGON HAƘORI

An saba cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Wasu masu magani ma kan turara baki da hayaƙi, su nuna wa mai ciwo wasu 'yan fararen abubuwa su ce ga ta nan ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne wannan.

A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna taruwa su yi wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Idan ka kankari haƙorinka da farce da safe za ka gan ta. Duk lokacin da aka ci abu mai zaƙi, ƙwayoyin nan na cin sukarin su fitar da wani ruwa mai tsami, wato asid. Asid ɗin ke narkar da farin ɓawo kaɗan-kaɗan. Miyau na ƙoƙarin wanke shi ya gyara wurin, amma yana buƙatar lokaci, kamar rabin awa ko fiye. Idan kafin ya gama aka sake jefa alawa a baki, ɓarna ta ci gaba ke nan.

Da farko babu ciwo, sai ɗan tabo fari ko baƙi. Daga nan mutum ya fara jin haƙori na amsawa idan ya sha ruwan randa mai sanyi ko shayi mai zafi. Idan kogon ya isa ɓargo, sai zogi mai hana barci. Wani lokaci zogin kan ɗauke da kansa, mutum ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suka gangara saiwa suna tara mugunya.

AKWATI NA 2
Dauɗar haƙori: tarin ƙwayoyin cuta mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Gogewa na fitar da ita.
Kanta: dauɗar da ta daɗe ta daskare ta yi tauri a gindin haƙori. Asuwaki ba ya cire ta, sai a asibiti.
Kogon haƙori: ramin da asid ya haƙa a jikin haƙori.

Misali na 1: Lissafin sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Idan an iya tsayawa a cokali 6, ya fi.

A ɗauka wani ɗan kabu-kabu a tashar Isa na shan shayi kofi 3 a rana, kowane kofi mai shayi na zuba masa sukari cokali 3. Da rana kuma ya sha lemon kwalba guda, wanda ke ɗauke da kamar cokali 9.

Shayi: 3 × 3 = cokali 9
Lemo: cokali 9
Jimla: 9 + 9 = cokali 18

Ya wuce iyaka da cokali 6, ba a ma lissafa sukarin da aka zuba a furarsa ba. Idan ya mai da shayinsa cokali 1 a kowane kofi, ya bar lemo sai ranar kasuwa, zai dawo cokali 3 a yawancin ranaku.

Misali na 2: Alawar minti biyar

Yara biyu aka ba kowanne alawar minti guda 5. Ɗaya ya shanye nasa gaba ɗaya bayan tuwon rana. Ɗayan ya riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga hantsi har la'asar. Sukarin da suka sha daidai yake, amma na farko sau 1 asid ya taɓa haƙoransa, na biyu sau 5. Haƙorin na biyu ne zai riga yin kogo. Haka hukuncin yake ga rake, mazarƙwaila, biskit, alawar madara da zoɓo mai sukari: idan za a sha, a sha tare da abinci, kada a wuni ana ɗanɗanawa, kuma kada a kwanta da zaƙi a baki, domin miyau na raguwa idan ana barci.

3. CIWON DASASHI

Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Wanda ya yi asuwaki ya tofar ya ga ja, dasashinsa ya kumbura ne saboda dauɗar da ta taru a gindin haƙora. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina goge wurin don tsoron jinin. Gogewa a hankali kullum ita ce maganin, kuma a mafi yawan lokuta jinin na tsayawa cikin mako ɗaya ko biyu.

Idan aka bar shi shekara da shekaru, ciwon na sauka ya ci ƙashin da ke riƙe da saiwa. Haƙori kamar dirkar rumfa yake: ko itacen bai ruɓe ba, idan ruwa ya zaizaye ƙasar gindinsa, sai ya fara girgiɗa. Shi ya sa za ka ga dattijo ya zubar da haƙora masu kyau waɗanda ko kogo ba su yi ba. Ana ɗora wa tsufa laifi, alhali ciwon dasashi ne.

Mutum uku su ƙara kula. Mace mai ciki, domin dasashinta ya fi saurin kumbura. Mai ciwon suga, domin ciwon dasashi na tsananta a gare shi, shi kuma yana hana sugan daidaita. Sai mai shan taba ko mai cusa garin taba a leɓe. Shi wannan bayan ciwon dasashi yana cikin haɗarin sankarar baki. Duk gyambo, ko fari ko jan tabo a harshe, kunci ko leɓe, da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, a kai wa likita ya duba. Goro kuwa rina haƙora yake yi. Mai cinsa ya riƙa kurkure baki bayan ya gama.

4. CIWON NOMA

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci, don haka a karanta shi a tsanake.

AKWATI NA 3
Noma: ciwo ne da ke farawa daga dasashi, ya ci naman kunci, leɓe, hanci har da ƙashi cikin 'yan kwanaki. Sunan na likitoci ne, ba shi da alaƙa da aikin gona. A ƙauyuka wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji.
Tamowa: ramewa ko kumburin yaro saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki.

Noma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa famfara. Ba ya faɗa wa yaro haka kawai. Yana samun wanda jikinsa ya riga ya raunana: mai tamowa, wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, wanda ba a goge masa baki. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki, waɗanda lafiyayyen jiki ke iya dannewa, su ne ke samun dama su yi ɓarna. Ba a ɗaukarsa daga wani zuwa wani, ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne.

Duk wanda ya san halin da ƙauyukanmu suka shiga a shekarun nan ya san abin da ya sa wannan magana ta shafe mu. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin garin Sabon Birni ko Isa, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Inda aka rasa gona da dabba, nono da wake ke fara ɓacewa daga kwanon yaro, riga-kafi kuma ya tsallake shi. A irin wannan yanayi noma ke samun shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da shi duk shekara, kuma idan ba a yi magani ba, 9 cikin 10 na rasuwa, sau da yawa cikin mako biyu. Amma idan aka kama shi a farkonsa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu araha, da wanke baki, da abinci mai kyau sun isa su tsayar da shi ba tare da ya bar tabo ba. Tsakanin warkewa sarai da rasa rai ko rasa fuska, kwanaki ne ƙalilan.

Matakan ciwon

Gargaɗi: dasashi ya yi ja, yana jini idan an taɓa.
Mataki na 1: dasashi ya yi gyambo, yana jini da kansa, baki na wari ƙwarai, yaro na dalalar da miyau, yana ƙin abinci saboda zafi.
Mataki na 2: kunci, leɓe ko haɓa ya kumbura ya yi tauri, ga zazzaɓi.
Mataki na 3: baƙin tabo ya bayyana a kan kumburin, naman ya mutu ya zube, rami ya buɗe.
Mataki na 4: wurin ya fara haɗewa yana tattarewa, muƙamuƙi na ɗaurewa.
Mataki na 5: ciwon ya tsaya, ya bar yaro da giɓi a fuska, da wahalar ci, sha da magana.

A mataki na 1 a kai yaro asibiti a ranar. Daga mataki na 2 kuwa rai ake ceto, ko da dare ne a nemi hanya.

Misali na 3: Shawara a tsakar gida

A ɗauka a wani ƙauye kusa da Gatawa akwai yaro ɗan shekara 3 da ya yi ƙyanda mako 3 da suka wuce, ya rame. Ranar Litinin uwarsa ta ji bakinsa na wari. Ta wanke hannu, ta ɗaga leɓensa a hasken rana, ta ga dasashi ya yi gyambo yana jini. Ta kai wa uwar mijinta.

"Inna, ki duba bakin yaron nan. Warin ya yi yawa, ko kunu ya ƙi sha."

"Zafin ƙyanda ne bai gama fita ba, 'yar nan. A jiƙa masa magani, a ga abin da kwana biyu za su yi."

"Inna, a makarantarmu an ce wari da gyambon dasashi bayan ƙyanda ba a kwana da su. Ki sa baki Malam ya kai mu asibiti yau. Addu'a kuma ki ci gaba da yi mana."

Idan aka tafi ranar Litinin, ma'aikacin lafiya zai ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yawanci amoksisilin da filajil, gwargwadon nauyin yaron. Zai nuna yadda za a riƙa wanke bakin, ya auna damtsensa don gano tamowa, ya ba da abincin tamowa idan da buƙata. Cikin kwanaki yaro zai koma cin abinci. Idan aka jira, mai yiwuwa ne kafin Alhamis kunci ya kumbura, kafin wata Litinin baƙin tabo ya fito. A lura da yadda uwar ta yi: ba ta yi gardama da surukarta ba, ta nemi goyon bayanta ne. A gidajenmu, maganar kaka da izinin maigida su ke sa a tafi asibiti da wuri ko a makara, don haka wannan darasi na maza da tsofaffi ne kamar yadda yake na iyaye mata.

Ina za a je?

A fara da asibiti mafi kusa, ko ƙaramin asibitin mazaɓa ko babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, domin a soma magani nan take. Idan ciwon ya yi nisa, a nufi Asibitin Noma da ke birnin Sakkwato. An buɗe shi a 1999 da taimakon ƙungiyoyin agaji na Jamus da Holan, yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki a cikinsa. Daga lokacin zuwa yau an yi tiyatar gyaran fuska fiye da 1,000 a can, kuma kyauta ake yi.

Wannan albishir ne ga waɗanda ciwon ya riga ya bar wa tabo. Akwai yara da manya da aka ɓoye a ɗaka shekaru, ba makaranta, ba kasuwa, ba biki. Ko shekara nawa ciwon ya yi da wucewa, ana iya duba mutum a gyara abin da zai gyaru, a buɗe muƙamuƙin da ya ɗaure. Mulikat Okanlawon, wadda noma ya kama tana ƙarama aka yi mata tiyata a Sakkwato, ta zama ma'aikaciya a wannan asibiti, kuma a 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a san da wannan ciwo, har a ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Kariya daga noma ba ta wuce abubuwan da muka sani ba. Nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Bayan wata 6 a ƙara kunun da aka haɗa da gyaɗa, da wake, zogale, ƙwai, nono, da kifin Gulbin Rima idan ya samu. Allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15. Gidan sauro, da maganin riga-kafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina. Sannan a riƙa leƙa bakin yaro kullum, musamman mai rashin lafiya.

5. JARIRI DA FITOWAR HAƘORI

Fitowar haƙori na sa jariri ƙaiƙayin dasashi, dalala da ɗan rigima. Ba ta kawo zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne, a daidai wannan lokaci yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki. Wanda ya ce "haƙori ne" ya zauna, zai iya rasa yaro saboda zawo ko zazzaɓin cizon sauro. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

A guji ruwan maganin haƙori na kanti. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani irinsa mai suna My Pikin, wanda aka samu guba mai kashe ƙoda a cikinsa. Shafa dasashi da tsabtataccen yatsa ya wadatar. Kada kuma a bari a tsaga dasashin jariri da aska. Haka kafson tetarasaikilin: ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana rina haƙoran da ke tasowa har abada.

6. YADDA AKE GOGE BAKI

Asuwaki gadonmu ne kuma sunna ce da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar a kai. Yana aiki sosai idan an iya shi, ko na Makka ne ko na dogon yaro ko na marke. Sai dai da yawa tauna shi kawai suke yi suna yawo, ko su goge haƙoran gaba su bar turame. A tauna bakinsa har ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki da saman turame, ana sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori. A yanke tsohon bakin a kai a kai, kuma kowa da nasa.

Abin da asuwaki ba zai ba ka isasshe ba shi ne fuloraid, wanda ke cikin man goge baki. Wanda ya samu hali ya haɗa biyun.

AKWATI NA 4
Fuloraid: sinadarin da ke ƙara wa farin ɓawo ƙarfi ya jure asid. A duba jikin man, a ga lamba tsakanin 1000 da 1500 tare da haruffan ppm, a ga kuma lambar NAFDAC.

Ƙa'idojin goge baki su ne: sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, na daren ya fi muhimmanci. Minti 2 kowane lokaci, da buroshi mai laushi. Bayan an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, domin fuloraid ya zauna. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa man kamar ƙwayar shinkafa, ɗan 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba kuma ya riƙa taya shi har ya kai shekara 7. Jariri a share masa baki da tsabtataccen ƙyalle. Gawayi, toka da yashi na sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma kankare farin ɓawo suke yi.

7. MAGANI: NA GIDA DA NA ASIBITI

Kafin a isa asibiti, mai ciwon haƙori zai iya shan farasitamol bisa ƙa'ida, ya kurkure da ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi 1 na tafasasshen ruwa da ya huce ya zama ɗumi, sau 3 ko 4 a rana. Kanumfari na rage zogi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe kogo. Kada a sa ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba ko ƙwayar asfirin a kan haƙori. Ƙona dasashi suke yi su bar gyambo. Kafson da ake saye wurin masu talla a kasuwa ma ba ya warkar da kogo.

A sashen haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga abin da ake yi:

Wankin haƙori: cire kanta da na'ura. Ba ya sa haƙori girgiɗa. Giɓin da ake ji bayansa wurin da kantar ta toshe ne.
Ciko: a share ruɓaɓɓen wurin a toshe. Shi ya fi sauƙi da araha, amma sai kogo bai isa ɓargo ba.
Wanke jijiya: idan ɓargo ya kamu, a kwashe shi a toshe saiwar, haƙori ya zauna.
Cirewa: idan babu yadda za a ceto shi. Ana yin allurar kashe zafi. Cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, kamar yadda wasu ke tsoro.
Haƙoran roba: don cike giɓi. A cire su da dare a wanke.

Bayan cirewa, a cije auduga kamar rabin awa, kada a kurkure baki ko a sha taba a ranar, washegari a fara ruwan gishiri. Cire haƙori da awartaki a kasuwa na iya barin karyayyar saiwa a ciki, kuma ƙarfen da ba a dafa ba na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Idan faɗuwar babur ta fizge haƙorin girma gaba ɗaya, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar. A ɗauraye shi kaɗan a mai da shi raminsa, ko a saka shi cikin madara, a isa asibiti cikin awa 1 idan da hali. Haƙorin yarinta ba a mayar da shi.

AKWATI NA 5: Alamomin da ba a kwana da su
Kumburin da ya gangara wuya ko ƙarƙashin harshe, ko ya haura ido.
Kasa buɗe baki, kasa haɗiya ko wahalar numfashi.
Zazzaɓi mai zafi tare da kumburin fuska.
Warin baki da gyambon dasashi a yaro mai rama.
Jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori.

TAMBAYOYIN BITA

1. Haƙoran yarinta nawa ne, na girma kuma nawa?
2. Bayyana da kalmominka yadda sukari ke zama sanadin kogon haƙori.
3. Wata mata na shan shayi kofi 2 a rana, kowanne da sukari cokali 4, da kunun zaƙi mai cokali 5. Cokali nawa ke nan? Ta wuce 12 ko ba ta kai ba?
4. Mene ne bambancin dauɗar haƙori da kanta?
5. Idan dasashi na jini lokacin asuwaki, a daina gogewa ko a ci gaba? Me ya sa?
6. Waɗanne yara ne noma ya fi kamawa? Kawo dalilai 3.
7. Faɗi alamomi 4 na mataki na 1 na noma.
8. Gaskiya ko ƙarya: (a) ana ɗaukar noma daga wani yaro, (b) fitowar haƙori na kawo zawo mai yawa, (c) wanda noma ya bar wa tabo tun yana ƙarami ana iya yi masa tiyata bayan ya girma.
9. Kawo abubuwa 3 da ba a sa wa haƙori mai ciwo.
10. Tattaunawa: maƙwabcinka ya ce ciwon ɗansa iska ce, ba na asibiti ba ne. Yaya za ka yi masa magana har ya yarda ba tare da ka ɓata masa rai ba?

AIKIN GIDA

Gobe da safe, ka wanke hannunka da sabulu, ka fito da duk yaran gidanku da ba su wuce shekara 6 ba inda haske yake, ka ɗaga leɓen kowanne ka duba dasashi sama da ƙasa. Rubuta sunan yaro, shekarunsa da abin da ka gani, ka zo da shi aji. Idan ka ga gyambo tare da wari, kada ka jira ranar aji, ka kai shi asibiti a ranar.